Jan Gam a Famfon Likita

Jama'a, yau kam ku yi haƙuri da ni, don ba da sanyin rai na zauna rubutun nan ba. Sau uku ina goge layin farko. Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar bakanike ce, shekaruna ashirin da bakwai, goma sha ɗaya daga ciki a garejin Babana na yi su. Ba ma taɓa komai sai tsofaffin motoci masu kafireta, irin waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba. A makon nan aka ce ni ce na kusa ƙona mutum a cikin motarsa, kuma wallahi ba ni ba ce.

Bari in ɗauko muku daga ranar Litinin.

Akwai wani dattijo da muke kira Likita, don aikin da ya yi ke nan kafin ya ajiye. Motarsa koriya ce, doguwa, kujerun fata, ta haura shekara arba'in da biyar. A cikinta ya ɗauko matarsa ranar aurensu, matar kuma ta rasu, to kun ga ba mota ce kawai ba a wurinsa. Tun kafin a haife ni Baba ne yake taɓa ta, shekara shida da suka wuce kuma ta dawo hannuna. Famfon fetur ɗinta ne ya gaji, aka samo sabo, ni zan ɗaura.

Ina sunkuye a kan injin, ɗankwalina a ɗaure tam, rigar aikina shuɗiya duk tabon baƙin mai, sai na ji ƙamshin turare ya danne warin fetur. Ban ɗago ba na san Injiniya ne, mai nemana. Wata takwas ke nan muna tare. Yana aiki a wani babban kamfani da ke duba sababbin motoci, inda ake jona wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta da bakinta. Farar riga mai dogon hannu ya sa, ta sha guga, ga agogo, ga baƙin takalmi da mutum zai iya duba fuskarsa a ciki. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Yana da dariya mai daɗi, kuma shi ne namiji na farko da ya ga baƙin farcena bai yatsina fuska ba. Haka dai na zata.

"Gimbiyar sifana," ya ce, "an shiga aiki ke nan?"

"An shiga. Ka matsa baya kada in ɓata maka riga."

Bai matsa ba, ya leƙo yana kallo. Ni kuwa idan ana kallona ƙara natsuwa nake. Irin wannan famfo ba lantarki ne ke tuƙa shi ba. A gefen injin ake ɗaura shi da noti biyu, yana da hannu na ƙarfe da ke shiga ciki ya hau kan wani ɗan tozo da ke juyawa, tozon ya riƙa ɗaga hannun yana saukewa, shi ke nan fetur ya taso daga tanki zuwa kafireta, inda yake gaurayuwa da iska kafin ya shiga injin. Na juya injin da hannu har tozon ya kwanta. Na kankare fuskar ƙarfen da reza har ta yi fes. Na jera gaskit, siririyar takardar nan mai hana yoyo, na ɗora baƙin farantin nan mai kauri da Baba ke kira matashi, na ƙara wani gaskit, na lakato giris ɗan kaɗan a yatsa na shafa. Na zura hannun famfon a hankali har na ji ya zauna a kan tozon, ba ƙarƙashinsa ba. Sannan na riƙa ɗaure notin, kaɗan nan, kaɗan can, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya matsuwa famfon ya karkace.

A saman famfon akwai murfi, a ƙarƙashinsa 'yar rariya mai tace datti, da zoben roba da ke hana yoyo. Na goge zoben, na zaunar da shi a bushe, na rufe.

"Tsaya," in ji Injiniya. "Ba za ki sa gam ba?"

"A'a."

"Haka kawai a bushe? Mu a wurinmu ba mai rufe abu bai zagaye shi da gam ba."

"Ku baƙin mai kuke tarewa da shi," na ce. "Nan fetur ne. Fetur yana cin gam, ya mai da shi lagwada, ya kwashe shi ya tafi da shi ciki."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ya ce, "Wannan ai ilimin da ne. Gam ɗin yanzu ba irin na zamanin Baba ba ne."

Baba yana zaune a kan bencinsa yana wanke fulogi, yana jin mu. Mutumin da tun ina shekara goma sha shida ya taɓa buge min hannu, ya ce kada ya sake ganin gam a inda fetur ke bi, shi ne ya sunkuyar da kai yana murmushi. Baba yana jin nauyin Injiniya, irin nauyin da wanda bai yi boko mai nisa ba yake ji a gaban mai takarda. Na ga haka, na haɗiye, na tada injin. Na bar ta ta yi zafi, na kashe, na bi ko'ina da farin ƙyalle. Ko ɗigo babu. Da ta huce na sake zagaye notin. Na fita da ita na zaga unguwa sau biyu, tana tafiya lafiya lau.

Ranar Talata Mama ta tare ni tun da safe. Ta ce yau ba gareji, tela za mu je a gwada ni, don kayan da nake da su ba na mai shirin aure ba ne. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo kwana biyu ta shiga wata na biyu, ta ɗora da nata. Ta kamo hannuna ta juya tafin sama ta nuna wa Mama.

"Dubi nan don Allah. Hannun mace ne wannan ko na maƙeri? Yaron nan haƙuri gare shi."

"Gwaggo, da hannun nan ake cin abinci a gidan nan," na ce.

"Ji bakinta! To bayan aure dai sai ki ajiye. Shi ma ya faɗa wa uwarki haka yake so."

Ni bai taɓa faɗa min ba. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ya ce, "Sai mu ga yadda ta yiwu." Na yafa mayafi na bi su. Muka ɓata yini guda wurin tela, ana gardama a kan ko hannun riga ya zama mai faɗi ko matsattse, ni kuwa hankalina yana kan wata kafireta da na jiƙa a kwano. Da muka dawo Baba ya ce Likita ya zo da la'asar ya ɗauki motarsa, har ya bar min gaisuwa. Ya ƙara da cewa Injiniya ma ya biyo da rana bai same ni ba, ya tsare masa garejin har ya je sallah ya dawo. Ban kawo komai a raina ba.

Laraba da hantsi wayar Baba ta yi ƙara. Ina ganin fuskarsa na ajiye abin da ke hannuna. Motar Likita ce ta kama da wuta a kan titi. Ta fara shaƙewa, ta mutu, ya yi ta ba ta wuta, sai hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Da ya fito ya ɗaga bonet ɗin wutar ta lashe masa hannun dama. Masu shaguna ne suka kashe da yashi.

Aka jawo ta da igiya. Koren fentin bonet ya kumbura ya yi baƙi, wayoyi sun narke, ga yashi ko'ina. Maƙwabtan gareji duk suka taru, mai walda, mai faci, mai fenti, kowa da hannu a ƙugu. Na nufi injin zan duba, Baba ya riga ni. Ya leƙa, ya daɗe a sunkuye, sai ya ce ba tare da ya juyo ba, "Uwata, je ki ɗauko tamfol a bayan shago." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kira na haka. Na je na yi ta nema, ashe tamfol ɗin ma ba ya can. Kafin in dawo ya cire famfon da kafiretar, babu su babu dalilinsu.

"Baba ina famfon?"

"Je ki gida."

"Ni na ɗaura shi, bari in ga abin da ya faru."

"Na ce je ki gida. Ki bar min mabuɗinki, ki huta kwana biyu."

A gaban kowa ya karɓi mabuɗin. Ina wucewa na ji mai walda yana ce wa mai faci, ba ma a hankali ba, "Dama ina faɗa, aikin mace sai a hankali." Mutumin da sau biyu ina tada masa janaretansa kyauta! Kafin azahar wani mai tsohuwar akori-kura da nake wa aiki ya aiko a ɗauke motarsa, ya ce ya fasa.

A gida na shige ɗaki na rufe. Ina jiyo Gwaggo a falo tana cewa Allah ne ya kawo ƙarshen abin da sauƙi, gara hannun Likita da ran mutum. Mama ta leƙo da kofin shayi ta ce in sha, in ɗauka wannan ishara ce. Na kwanta ina bin aikin a kaina ɗaya bayan ɗaya, reza, gaskit, matashi, noti, zobe. Na bi ya fi sau ashirin ban ga inda na kauce ba. Amma idan kowa ya ce kai ne, har kai ma sai ka fara zargin hannunka. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Sai ga saƙon Injiniya: "Gimbiya na ji abin da ya faru. Kada ki sa damuwa a ranki, kowa yana kuskure. Dama shi ya sa nake ganin aikin nan ya yi miki nauyi. Ina tare da ke."

Har da hoton zuciya ja a ƙarshe. Ni kuma, sakarya, na rubuta masa, "Na gode da ka tsaya min." Ku riƙe wannan saƙon a ranku, don duk lokacin da na tuna amsar da na ba shi ji nake kamar in mari kaina.

Ranar Alhamis Mama ta ba ni kular abincin Baba in kai masa, da sharaɗin in ajiye in juyo. Na sa doguwar riga ruwan toka, ba kayan aiki ba, na tafi kamar baƙuwa. Na tarar ya tafi masallaci, ƙofa a sakaye. Na ce bari in ɗauki sifanata mai lamba goma sha uku, tawa ce, da ita na fara koyo, ba zan bar ta ta yi tsatsa ba. Ba ta kan allo. Na jawo durowar Baba ta ƙasa, sai na ci karo da wani ƙunshi a tsohon tawul.

Famfon ne, ya yi baƙi da hayaƙi. Amma a kewayen murfin, inda na zaunar da zobena a bushe, wani abu ja ya tsattsafo ya bushe. Na sa farce na ɓantaro. Gam. Jan gam, an lafta shi ba tausayi. Na kwance murfin, ciki duk ya narke ya yi yauƙi, rariyar ma an mayar da ita a karkace, gefe ɗaya a buɗe. Kafiretar ma tana cikin durowar, na warware ta, na buɗe kwanon da fetur ke taruwa. Ga su nan, jajayen zare-zare kamar tsutsa, ɗaya ya maƙale daidai bakin allurar da ke tsayar da fetur idan kwanon ya cika. Allura ta kasa rufewa, fetur ya yi ta ambaliya, ya zubo kan ƙarfe mai zafi. Ko yaron da ya yi wata uku a gareji zai karanta wannan.

A garejinmu babu jan gam. Ba mu taɓa sayensa ba.

Ina tsaye da shi a hannu Baba ya shigo. Ya dube ni, ya dubi famfon, ya jingina da ƙofa.

"Baba, ka gani?"

"Na gani."

"Tun jiya ka gani. Shi ya sa ka aike ni neman tamfol."

Ya kawar da kai.

"Ka san ba ni ba ce. Kai ka koya min. Ka sani, ka karɓi mabuɗina a gaban mai walda!"

"Rage murya, Uwata."

"Ba zan rage ba! Wa ya tsare maka gareji ranar Talata?"

Ya zauna a kan benci ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce da ya dawo daga sallah ya tarar Injiniya yana goge hannu da hankici, ya ce masa ya ɗan duba aikin ne, ya ƙara masa inganci. Baba ya ji kunyar tambayarsa me ya yi, ya ji kunyar buɗe bonet a gabansa kamar yana tuhumarsa.

"Laifina ne da ban duba ba," ya ce. "Amma ki saurare ni. Yaron nan gobe ɗana ne. Idan maganar nan ta fita, ta kai wurin aikinsa, ya za a yi ya sake haɗa ido da mu? Auren ya lalace ke nan. Ke kuwa tawa ce. Kwana kaɗan za a yi surutu a manta."

"A manta? Shekara goma sha ɗaya ina rarrafe a ƙarƙashin mota kafin su daina kirana 'yar rakiya. Da yini ɗaya aka shafe. Shi ba za a ɓata masa suna ba, sai ni, don ni ce ta gida?"

"Ke za ki iya ɗauka."

Wannan kalmar ta fi komai ƙona min rai. Wato don an san ina da ƙashin ɗauka, shi ya sa za a ɗora min kayan wani. Na naɗe famfon a tawul na sa a jakata. Ya ce in ajiye, na yi kamar ban ji ba. Tunda nake ban taɓa take maganar Baba ba sai ranar.

A bakin titi na kira Injiniya. Ya ɗauka da fara'a, "Gimbiya!"

"Jan gam," na ce. "A motarka yake, ko a aljihu kake yawo da shi?"

Fara'ar ta ɓace daga muryarsa. Sannan ya ce, "Ni fa taimakonki na yi. Na ga kin bar shi a bushe, hankalina bai kwanta ba."

"Na gaya maka fetur yana cin sa. Da bakina na gaya maka, kana dariya."

"Ba lallai shi ne ya jawo ba. Tsohuwar mota ce, komai zai iya faruwa."

"Na ciro shi daga bakin allura da farcena. Sannan ka iya zama ka rubuto min cewa kowa yana kuskure? Cewa aikin ya yi min nauyi?"

"Ki kwantar da hankalinki mana. Ke da za ki bar aikin ma nan da wata nawa, mene ne abin tada jijiyar wuya?"

Na kashe wayar, don abin da ya zo bakina ba na faɗa wa ɗan mutane ba ne. Ya kira sau tara ban ɗauka ba. Ashe Mama ya kira daga baya, don ina shiga gida ta tare ni a tsakar gida tana cewa in rufa mata asiri, kada in zama sanadin da za a yi da ita. Wato ita ma ta sani. Gidan gaba ɗaya sun sani, kowa ya zaɓi ya kalle ni ina kuka.

Ranar Asabar da yamma Likita ya aiko cewa zai zo gida. Mama ta sa aka canza labulen falo, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai an yi babban baƙo, ta jera lemo da ruwa a kan tire. Gwaggo ta kafa ɗauri ta zauna a kujerar kusa da ƙofa kamar mai gadi. Injiniya ma ya zo, wai ya zo jajanta wa Baba, da riga ruwan sararin sama da ledar 'ya'yan itace. Mama ta ce in sa sabuwar rigar da tela ya kawo, in gaishe da Likita, in ba shi haƙuri, in koma ɗaki. Na sa rigar. Na kuma rataya jakata.

Likita ya shigo da hannu a naɗe da farin bandeji har gwiwar hannu. Ganinsa haka ya sa jikina ya yi sanyi, don mutumin nan tun ina ƙarama yake kawo min alewa. Bayan gaisuwa ya ƙi taɓa lemon. Ya ce shi ba rigima ta kawo shi ba, ba ya neman komai a wurin kowa.

"Abu ɗaya nake so in sani," ya ce. "Me ya faru? Yarinyar nan shekara shida tana taɓa motar nan ko tari ba ta taɓa yi ba. Ina so in ji daga bakinta."

Mama ta zuba min ido. Gwaggo ta yi gyaran murya. Na buɗe jaka, na warware tawul, na ajiye famfon a kan teburin gilashin Mama, kusa da tiren lemo.

"Ga abin da ya faru, Likita. An buɗe murfin nan bayan na gama aiki, an lafta masa gam. Fetur ya narkar da shi ya kai kafireta. Ni ban taɓa sa gam a famfo ba."

Ya gyara tabarau ya duba. "To wa ya sa?"

Na juya na kalli Injiniya. Na ba shi dama, Allah ya gani. Na ƙirga har biyar a zuciyata. Ya ɗauki kofin ruwa ya kai baki.

"Ni ne."

Muryar Baba ce. Na waiga kamar an watsa min ruwan zafi.

"Ni na sa," ya sake cewa, idonsa a kan kafet. "Bayan ta tafi na ga kamar yana tsattsafo, na buɗe na shafa. Ita ba ruwanta."

Likita ya saki baki. "Kai? Kai da ka taɓa fatattakar direbana don ya shafa gam a bakin tiyo? Har yau yana ba da labari."

"Tsufa ne, Likita. Ido ya fara gajiya, kai ma ya fara mantuwa."

Likita ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, cikin tausayi, wanda ya fi zagi ciwo, "To idan abin ya kai haka, abokina, lokacin ajiye sifana ya yi. Kada wata rana a rasa rai a hannunka."

Baba ya ce, "Haka ne." Mutumin da ke gane ciwon injin daga ƙofar gareji tun kafin a kashe shi, ya zauna yana amsa cewa ya rikice. Injiniya kuwa har da gyaɗa kai, irin na mai jimami. Na ga ya sauke kofin, ya zaro waya ya riƙe a gefen cinyarsa yana dannawa. Tawa ta yi motsi a cikin jaka.

Na ciro na karanta. Na sake karantawa. Daga nan ban san lokacin da na miƙe ba.

"Likita, yanzu aka aiko min da saƙo. Bari in karanta maka, don kai ma ya shafe ka."

"Ke!" in ji Mama.

Na karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma, ban rage ko ɗaya ba: "Baba ya kashe maganar, don Allah ki bar ta haka. Shi ya riga ya ci zamaninsa, babu abin da zai rasa. Ni kuwa idan aka ji ni na sa gam ɗin, aikina ya tafi. Ki yi mana tunani, Gimbiya."

Na juya fuskar wayar na miƙa wa Likita, ya ga sunan wanda ya aiko da lokacin. Gwaggo, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta dafe ƙirji kawai. Injiniya ya miƙe, ya ce, "Ba haka nake nufi ba, Baba." Ba wanda ya kalle shi. Ya tsaya kaɗan, ya ga ba mai ce masa zauna, ya fita ya bar ledarsa a ƙasa. Mama ta fashe da kuka tana cewa na kashe aurena da hannuna, na huta.

Ni ba ta ita nake ba, Baba nake kallo. Na zata zai ɗago ya ji abin da yaron da yake karewa ya ce a kansa, ya dube ni ya ce na yi daidai. Ya ɗago ɗin, amma Likita ya fuskanta.

"Ka yafe min," ya ce. "Na yi maka ƙarya a cikin gidana."

Likita ya ce ba komai, ya fahimta. Ya sa hannunsa mai lafiya a aljihu ya ciro mabuɗin motar ya miƙo min. "'Yata, ke za ki tashe ta. Ba na son hannun kowa a kanta sai naki."

Abin da na kwana uku ina nema ke nan, ga shi a gabana. Kafin in motsa Baba ya miƙe, ya sa hularsa, ya nufi ƙofa. Da ya zo daidai inda nake ya tsaya, bai ɗaga murya ba, don ni kaɗai ya yi maganar.

"Uwata, shekara arba'in ina sana'ar nan ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Da kin bar ni da tsufan, ya fi min sauƙin ɗauka."

"Baba, ban roƙe ka ka yi min ƙarya ba," na ce. "Gaskiya kawai na roƙa tun ranar Laraba."

Ya sa takalminsa a bakin ƙofa ya fita, na ji ƙarar ƙyauren gida. Likita yana nan da hannu a miƙe, mabuɗin yana lilo a yatsansa, ni kuma na kasa ɗaga nawa hannun in karɓa.